Albashi Bisa Jaki, Tsada Bisa Mota

Jama'a, dattawa da iyaye mata, manoma da leburori. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Maganarmu ta yau kan albashi ce. Kada manomi ya ce ba ruwansa. Ɗanka da ke gadi ko masinja a birni, ai shi ke aiko maka kuɗin taki da na magani. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, ga lissafi. A 1981, zamanin Shagari, doka ta yanke albashi mafi ƙanƙanta Naira 125 a wata. Lokacin nan Naira ta fi Dalar Amurka daraja, kuɗin ya kai wajen Dala 200. A 2011 aka mai da shi Naira 18,000, a 2019 Naira 30,000, a 2024 Naira 70,000. A kunne kam da daɗi. Amma sa'ad da aka yi ƙarin ƙarshen nan, Dala guda ta kai Naira 1,500, watau albashin bai cika Dala 50 ba.

Me ya haɗa talaka da Dala? Yawancin magungunan kemis, ko kayan haɗa su, daga waje ake shigo da su. Dala ta tashi, allura ta tashi. Ga kuma fetur: aka janye tallafi a 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024. Motar kai mai naƙuda asibiti ma ta gagari mutane. Kuma cikin kowace Naira 10 da ake kashewa kan jinya a Nijeriya, fiye da 7 daga aljihun jama'a take fitowa. Shi ya sa ake sayar da akuya, a jinginar da gona.

A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba.

Don haka duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ku tsai da shi gaban jama'a. Nawa zai ware wa lafiya? Yaushe magani zai sauka asibitin garinmu? Zai sa albashi ya riƙa bin farashin mudu?

Kada ku ba da ƙuri'a kan sabulu. Sabulu ba ya wata guda, ƙuri'a kuwa shekara huɗu ce.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.