Makokin Waɗanda Aka Ci da Yaƙi: Biyafara da Shirun da Muka Yi

 

Ranar 15 ga Janairun kowace shekara gwamnati tana ajiye furanni a Abuja don tunawa da sojojin da suka kwanta dama. An zaɓi ranar ne domin a cikinta, a 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, aka rufe yaƙin wata 30. A wajenmu 'yan Arewa ranar tana da wani nauyin dabam, don a ranar 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna, aka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kashe, aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari da Kur Mohammed da Abogo Largema. A Gabas kuwa ranar da ake tunawa ita ce 30 ga Mayu, ranar da Ojukwu ya shelanta Biyafara a 1967. Ƙasa ɗaya, ranakun makoki biyu, kuma kowane ɓangare yana yi wa ranar ɗan'uwansa kallon tsokana.

Abin da na zo faɗa, ko da zai yi wa wasu ɗaci, shi ne wanda aka ci da yaƙi yana da haƙƙin ya yi kukan mamatansa, ya adana kayan tarihinsa, ya ba 'ya'yansa labari. Hana shi wannan ba ya ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙon zance ba. Kano ta yi nata basasar daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Tukur ya sha kaye, aka cim masa a Tafashiya, Alu Babba ya zauna a gadon sarauta. Duk da haka, je ka duba jerin sarakunan Kano, za ka tarar da sunan Tukur a gurbinsa, tsakanin mahaifinsa Bello da Alu. Ba a kankare shi ba. Haka kuma muna ambaton Sarkin Musulmi Attahiru da mutanen da suka faɗi tare da shi a Burmi a 1903 da girmamawa, alhali su aka ci. Wanda ya san wannan zafin a gidansa ya kamata ya gane shi a gidan maƙwabci.

To me ake tunawa a Gabas? Mafi yawa ba bindiga ba ce, yunwa ce. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan 2 ko fiye, kuma galibinsu ba harsashi ya kashe su ba. Bayan faɗuwar Fatakwal a watan Mayun 1968 Biyafara ta rasa hanyar teku, abinci ya yanke, yara suka kumbura, gashinsu ya yi ja. Abin da ya rage musu shi ne wani yanki na kwalta a Uli da aka mai da filin jirgi, inda jiragen agaji na coci-coci suke sauka da dare, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe. Wasu daga cikin likitocin Faransa da suka yi aiki a can su ne suka haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar likitocin nan ta MSF a 1971, wadda yau take jinyar yaranmu masu tamowa a Katsina da Zamfara da Maiduguri. Tsohuwar da ta binne 'ya'ya uku a gefen hanya tana gudun hijira, idan ta kunna kyandir ranar 30 ga Mayu, wace doka ta karya?

Akwai kuma wuraren da dole mu ambata da bakinmu. A watan Mayu, da Yuli, da Satumba zuwa Oktoban 1966, an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas a garuruwan Arewa, har da filin jirgin sama na Kano, fiye da mutum miliyan 1 suka gudu gida. An kashe 'yan Arewa a Gabas a ramuwar gayya, wannan ma gaskiya ne. A Asaba, ranar 7 ga Oktoban 1967, sojojin runduna ta biyu ta tarayya sun tara maza a filin Ogbe-Osowa suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Kwamandan rundunar gaba ɗaya shi ne Murtala Muhammed, wanda muke ƙauna, wanda hotonsa ke kan naira 20. Ƙaunar da muke yi masa ba za ta tashi mutanen Asaba daga kabari ba, kuma faɗin abin da ya faru ba zai rage abin da ya yi wa ƙasa a wata shida na mulkinsa ba. Al'ummar da ta balaga tana iya riƙe duka biyun.

Gowon ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci, kuma ya cancanci yabo: ba a kafa kotun ɗaukar fansa ba, ba a rataye jagororin tawaye ba. Amma mutumin da ya fito daga daji ya je banki aka miƙa masa fam 20 komai yawan kuɗin Biyafara da ya kawo, ya je Fatakwal aka ce gidansa ya zama dukiyar da aka yasar, shi ya san an ci shi. A nan Arewa muna da abin alfahari da ba mu cika faɗa ba: a garuruwa da dama mutanen da suka dawo sun tarar da gidajensu, wasu har da kuɗin hayar da maƙwabta suka tara musu. Shehu Shagari ne ya yi wa Ojukwu afuwa a 1982 ya dawo daga Kwaddebuwa. Shi kansa Ojukwun a Zungeru aka haife shi a 1933, yana jin Hausa, shi ne kwamandan bataliya ta biyar a Kano lokacin juyin mulkin farko, kuma abokin Sarki Ado Bayero ne. Da ya rasu a 2011 aka yi masa jana'iza da faretin soja. Wannan duk tarihinmu ne, amma yaro nawa a ɗakin nan ya taɓa jin sa a aji?

Kusan babu, domin wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai bayan fiye da shekara 10 aka fara dawo da shi. Ko fim ɗin da aka yi daga littafin Chimamanda Adichie kan yaƙin sai da hukumar tace fina-finai ta jinkirta fitarsa a 2014. An ɗauka idan aka yi shiru ciwon zai warke. Abin da shirun ya haifar shi ne an bar labarin a hannun masu zafin kai. Yaron da aka haifa a 2000 a Aba ya koyi Biyafara daga rediyon 'yan aware da Facebook, na Kano kuma ya koya daga zagin da ake yi a ƙarƙashin labaran. Daga 2021 'yan bindiga suka riƙa tilasta zaman gida ranar Litinin a Kudu maso Gabas, suna kashe 'yan'uwansu da fatake 'yan Arewa. Wannan ba makoki ba ne, ta'addanci ne, kuma dattawan da suka ga yaƙin da idonsu suna cikin waɗanda suka fi ƙyamarsa.

Iyakar a nan take. Tunawa da mamaci haƙƙi ne. Wanke tarihi don a mai da shi makami wani abu ne dabam. Amurka ta nuna mana haɗarin. Kudancinta ya sha kaye a yaƙin basasarsu a 1865, amma bayan shekaru aka cika dandali da gumakan janar-janar ɗinsa, aka koya wa yara cewa ba don bauta aka yi yaƙin ba, alhali takardun ɓallewar jihohin da kansu sun ambaci bauta. Gunkin Janar Robert Lee da aka kafa a Richmond a 1890 sai 2021 aka sauke shi. Mai tunawa da Biyafara da gaskiya dole ya tuna da mamayar da sojojinta suka kai yankin Tsakiyar Yamma a watan Agustan 1967, da ƙananan ƙabilun Kalaba da Ogoja da Ribas da aka zarga da zagon ƙasa aka wulaƙanta, da kuma jinin 15 ga Janairu. Sharaɗin da na ɗora wa kaina game da Asaba shi nake ɗora masa game da waɗannan.

Muna da wurin da za a fara. A Umuahia akwai gidan tarihin yaƙi na ƙasa, inda aka ajiye jirgin ruwan yaƙi na NNS Bonny, da motocin sulke da injiniyoyin Biyafara suka ƙera daga tarkacen ƙarfe, da nakiyar nan ta ogbunigwe, da ramin ƙarƙashin ƙasa da rediyon Biyafara ya yi aiki. Ina roƙon sassan tarihi na jami'o'inmu su riƙa kai ɗalibai can, su kuma gayyato na Nsukka su zo Gidan Arewa a Kaduna su ga inda Sardauna ya zauna.

Aiki na biyu ya fi gaggawa. Sojan da ya shiga yaƙin yana ɗan shekara 20 yau ya doshi 80. Suna nan a Zariya da Bauchi da Zuru, wasu da harsashi a jiki, ba wanda ya taɓa tambayarsu abin da suka gani. A Sabon Garin Kano akwai tsofaffin da suka gudu a 1966 suka dawo a 1970 suka sake buɗe shago. Kowane ɗalibi a nan yana da waya mai ɗaukar murya. Malamai su raba unguwanni, a sa wannan cikin aikin kammala digiri, a ɗauki maganar kowa da harshen da ya ga dama, a ajiye kwafi a Kaduna, kwafi a Umuahia.