Gadon Kaya Bisa Motar Ƙungiya: Jawabin Mushen Lakwal a Taron Ƙarshen Wata



Ni ba maƙeri ba ne, ba direba ba ne. Aikina alli da allo. Amma shugabanni sun ce in yi lissafi in kawo, to ga abin da na samo.

Kowa ya san abin da ya faru ranar da muka ɗauko katakon rufin aji daga Maraɗi. Mun jingina shi bisa kan motar, mun ɗaure da roba. Wani jaki ya gitta, direba ya taka birki, katako guda ya zame ya fasa gilashin gaba. Aparantin da ke zaune baya, Allah ne ya tsare shi, ya tsira da karaya a hannu. Kuɗin gilashi da na magani daga asusunmu suka fita, asusun da ƴan uwanmu na Abijan da Kwatano da Legas suka tara da guminsu. Haka nan masuntanmu na tabkin Madarunfa, duk jirgin da aka ɗauko musu sai ya iso da tsaga.

Dalili a fili yake. Bayan motarmu bai wuce mita 2 da ƴan kai ba, katako kuwa mita 4 ne ko 5, jirgi ma ya fi haka. Abin da muke bukata shi ne gadon ƙarfe bisa bayan motar, wanda kaya masu tsawo za su kwanta a kai, su bi ta saman kan direba.

Ga yadda za a yi shi.

Da farko ƙafafu huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, na ƙarfe mai kusurwa huɗu mai faɗin santimita 4. A auna daga bakin bodi zuwa rufin kan mota, a ƙara santimita 10. Wajen santimita 70 ke nan kowace ƙafa. Sai sanduna biyu na gicciye, gaba da baya, kowace mita 1 da santimita 60, da wasu biyu na tsawo da za su haɗa gaba da baya. Idan an haɗa da ƙarafan tokara, duka bai kai mita 18 ba. Tun da ana sayar da ƙarfen sanda-sanda mai kamar mita 6, sanda 3 sun ishe mu. Ma'aji ya tambayi kuɗi wurin mutum uku kafin ya saya, ya leƙa kuma wurin masu tsohon ƙarfe.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon mai walda kada ya tsallake.

Na ɗaya, tokara. Ƴan ajina sun san wannan: in ka haɗa kara huɗu ka tura, sai su karkace, in ka haɗa uku, ba su motsi. Saboda haka kowace kusurwa a sa mata guntun ƙarfe a karkace. Gadon da ba shi da tokara zai yi kyau a ido, amma hanyar laterit za ta kwantar da shi kafin damina.

Na biyu, kada a liƙa gadon a jikin mota da wuta. A ɗaure shi da bulon mai kauri milimita 10, a sa faifan ƙarfe daga ƙasa don kada bodi ya yage. Ranar da za mu ɗauki buhunan hatsi ko mara lafiya, mutum biyu sun isa su kwance shi.

Na uku, kada gadon ya taɓa rufin kan direba. Kan mota da bayanta ba tare suke motsi ba, kowane da nasa girgiza. In an haɗa su, ɗaya zai tsaga ɗaya.

Bayan haka a tayar da kunne mai santimita 10 a ƙarshen kowace sandar gicciye don kada kaya su zame gefe, a naɗe sandunan da tsohuwar taya saboda jirgi, a shafa fenti saboda tsatsa. Wanda ba shi da halin ƙarfe yana iya yin irinsa da katako mai kauri, amma da bulon, ba da ƙusa ba, don ƙusa girgiza na zare ta.

Yanzu batun nauyi, nan ne nake so dattawa su sa baki. Mota irin tamu tana ɗaukar kusan tan guda a cikin bodi, amma sama ba ƙasa ba ce. Duk nauyin da ya hau sama yana jan mota ga kifewa a kwana. Na lissafa: jan katako mai mita 4, faɗi santimita 30, kauri santimita 3, ya kai kilo 25. Guda goma kilo 250 ke nan. Shawarata, kada a wuce haka a sama. Siminti da kwano da duk abu mai nauyi su zauna ƙasa. Na san za a ce sawu biyu ɓarnar mai ce. Sawu biyu sun fi zaman makoki sauƙi.

Jirgi kuwa a kife shi, baki ƙasa, a daidaita tsakiyarsa tsakanin sandunan. A ɗaure da igiya mai ƙarfi bisa kowace sanda, a ƙara ɗaya daga goshinsa zuwa gaban mota, ɗaya daga wutsiya zuwa baya. Roba ba ta ɗaure kaya, miƙewa take yi, ita ce ta cuce mu. A rataya jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya zarce baya. In an yi tafiyar kilomita biyar, a tsaya a sake jan igiya. Kuma kada kowa ya zauna ƙarƙashin kaya ko bisansu, ko ɗan wane ne.

Abin da nake nema ga taro biyu ne: a yarda ma'aji ya fidda kuɗin ƙarfe da walda a wannan wata, a kuma rubuta dokar kilo 250 a liƙa cikin mota, don direba ya sami abin nuna wa mai matsa masa. Ƴan uwa na waje da takardar nan za ta iske, ku aiko da ra'ayinku ta hannun magatakarda.

In na yi kuskure, iyaye ku gyara mini. Allah ya kiyaye hanya, ya ba yaronmu lafiya.