Jawabi a kan Haƙƙin Maɗinka na Ƙasar Bangaladesh

Ya ku malamai da almajirai da kuka hallara, ku sani maganarmu ta yau a kan tufafi ce, da halin waɗanda suke ɗinka su.

A gabas da Indiya akwai ƙasar Bangaladesh, babban birninta Daka. Mafi yawan abin da take sayarwa waje tufafi ne, fiye da kashi 80 cikin 100. Masu wannan aiki sun kai wajen mutum miliyan 4, mata kuwa sun fi yawa. Manyan kamfanonin Turai da Amurka su ke ba da ɗinkin, domin ladan maɗinki a can ƙanƙane ne ƙwarai.

To, a garin Sabar, kusa da Daka, akwai wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza. An gina shi domin kantuna da ofisoshi, sa'an nan aka ƙara masa hawa ba da izinin hukuma ba, aka zuba ma'aikatun ɗinki 5 a ciki, da kekunansu da manyan injunan ba da wuta. Ran 23 ga watan Afrilu 2013 aka ga bango ya tsage, aka fitar da mutane. Banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe. Amma da gari ya waye sai aka ce wa maɗinka su koma aiki, waɗansu aka tsoratar da su da riƙe albashi. Talaka mai iyali ba shi da ikon ƙi, suka shiga. Wuta ta ɗauke, aka tayar da injuna, ginin ya girgiza, ya rushe a kansu da hantsi. Mutum 1,134 suka rasu, wajen 2,500 suka yi rauni. Wata mace sai bayan kwana 17 aka zaƙulo ta da rai.

Ku lura da wannan, ya ku jama'a. Tsagar nan kowa ya gan ta. Mai banki ya tsere da kuɗinsa da mutanensa, maɗinki aka tura shi ciki. Wannan ba ya cikin abin da ake kira tsautsayi, sunansa zalunci.

Ba kuwa shi ne na fari ba. Cikin Satumba 2012 gobara ta ci ma'aikatar Ali Enterprises a Karachi ta Fakistan, fiye da mutum 250 suka mutu, domin ƙofofi a kulle suke, tagogi kuma da ƙarafa. Cikin Nuwamba na shekarar nan kuma ma'aikatar Tazreen kusa da Daka ta ƙone, mutum 112 ko fiye suka halaka.

Mene ne asalin abin? Kamfani mai saye yana son riga da araha, da gaggawa kuma. Mai ma'aikata yana tsoron kada cinikin ya koma hannun wani, sai ya karɓa. Ribar da ya rasa a wurin kamfani sai ya neme ta a jikin gini da jikin maɗinki: ba gyaran bango, ba ƙofar tsira, aiki har dare. A shekarar da benen ya faɗi, mafi ƙanƙantar albashi taka 3,000 ne a wata, watau wajen dala 38. Idan masifa ta auku, kamfani ya ce ma'aikatar ba tasa ba ce, alhali kuwa an tsinci tufafi masu sunayen kamfanoni irin su Primark da Benetton cikin ɓaraguzan.

Bayan wannan an sami gyara gwargwado. Cikin Mayu 2013 aka ƙulla alkawari tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata, wanda ake iya kai mai saɓa shi gaban shari'a. Kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu, aka duba ma'aikatu fiye da 1,600. Kuɗin diyya, dala miliyan 30, bai cika ba sai 2015. Albashi ya koma taka 5,300, sa'an nan 8,000 a 2018, sa'an nan 12,500 a 2023, bayan maɗinka sun fita tituna suna neman 23,000. Ku duba, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka bayar don ganin dama. Sai da rayuka suka salwanta, ma'aikata suka haɗa kai, duniya ta yi kuka.

Kada wani ya ce nesa ce, ba ruwanmu. Ku juya wuyan rigar gwanjo a kasuwanninmu, sau da yawa za ku karanta sunan Bangaladesh a jiki. Malami ya karantar da cewa ran ɗan ƙodago amana ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki, ladansa kuma bashi ne. Almajiri ya riƙe wannan, domin gobe shi ne mai shago, ko mai gona, ko mai hukunci. Wanda kuwa yake da yara a ƙarƙashinsa yanzu, ya koma ya duba ɗakin da suke aiki da abin da yake biyansu.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri. Haza wassalamu.