IDAN AN CE YAƘI, MU TAMBAYA: DA WA?

Jawabin Sakataren Ƙungiya a taron wata-wata na mazauna Durumi

 

Ina godiya da wannan dama da aka ba ni. Kamar yadda da yawanku suka sani, ni ban yi makarantar boko da ƙuruciya ba, sai da na yi aure sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na dare. Shi ne yaƙi na farko da na taɓa shiga. Tun shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta raɗa masa wannan suna, makamansa kuwa allo ne da alli da littafi, kuma ban taɓa jin an kama wani an kulle shi don ya kasa haɗa baƙi ba. Abin da ya sa na fara da wannan shi ne, yau ina so mu duba sauran yaƙe-yaƙen da gwamnatoci ke shelantawa a kan abin da ba shi da gida, ba shi da fuska, da kuma yadda suke ƙarewa a kanmu.

Manya a cikinmu ba su manta da watan Maris na 1984 ba, lokacin da gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. An koyi bin layi, wannan gaskiya ne, amma rashin ɗa'a ba shi da bayan da za a zane, don haka bayan talaka ne ya sha bulala, ma'aikaci ne ya yi tsallen kwaɗo. A 2001, bayan harin 11 ga Satumba, Shugaban Amurka George Bush ya shelanta yaƙi da ta'addanci. Sojojinsu sun shekara ashirin a Afganistan, suka fita a watan Agusta na 2021 Taliban ta koma kan mulki. A kurkukun Gwantanamo an tsare mutum kusan 780, mafi yawansu aka sake su ba tare da an tuhume su da komai a kotu ba.

'Yan'uwa, yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa yana da ranar farawa da ranar sulhu, kuma an san abokin gaba. Yaƙi da kalma kuwa ba wanda zai zo ya miƙa wuya, don haka ba ya ƙarewa. Tunda jami'i ba zai iya sa wa kalma ankwa ba, dole ya nemi mutumin da ya yi kama da ita. A garin nan, wa ya yi kama da ita? Mai tura ruwa, mai gyaran takalmi, ɗan bola, mai Keke, da duk mai kwana a kango.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Sakatare ya ce babu ta'addanci. Akwai shi, kuma mun fi kowa saninsa. Bam ya tashi a ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a nan Abuja a 2011, ya tashi a tashar Nyanya ranar 14 ga Afrilu 2014, cikin waɗanda suka rasu har da talakawa masu sammakon neman abinci. Maƙwabtanmu na sansanin Area 1 daga Gwoza suka gudo a 2014, sun bar gonaki da kaburburan iyaye. Mu ma muna son a kama mai laifi. Magana ita ce a kama shi da sunansa da abin da ya aikata.

Ku tuna abin da ya faru a Apo, nan kusa da mu, da asubahin 20 ga Satumba 2013. Jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango inda masu Keke da 'yan ƙwadago ke kwana, mutum takwas suka rasa rayukansu, sha ɗaya suka ji rauni. Aka ce 'yan Boko Haram ne. Da an yi shiru, da wannan suna za a binne su. Amma aka kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, ta yi zama ta saurari shaidu, a watan Afrilu na 2014 ta yanke cewa babu hujjar da ta nuna su 'yan Boko Haram ne, ta ce a biya iyalan kowane mamaci naira miliyan 10, kowane mai rauni miliyan 5. Kotun ECOWAS ma ta kama gwamnati da laifi a 2016. Sai a 2018 aka biya wannan kuɗi, naira miliyan 135. Kuɗi ba ya dawo da rai, amma ya wanke sunansu, 'ya'yansu ba za su tashi ana nuna su da baki ba.

Haka a ƙarshen 2022 rusau ya shigo mana Durumi har matsugunan 'yan gudun hijira, dalilin da aka bayar shi ne ɓata-gari na fakewa a wurin. Mutumin da ya gudo daga ta'addanci sai ga shi yana kwana a fili da sunan tsaro. A watan Oktoba na 2024 kuma Ministan Abuja Nyesom Wike ya fito fili ya ce an shelanta yaƙi da mabarata. Duk wanda ya san yadda samame yake ya san motar ba ta tsayawa tantance mabaraci da mai talla. Ni da kaina na je belin wani yaro mai sayar da rake da aka kwashe da farantinsa a hannu.

To mene ne namu? Tsarin Mulki na 1999 bai san wani laifi mai suna "baƙo" ba. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna maka bambanci saboda ƙabilarka ko addininka ko garinku. Sashe na 36 ya ce ba ka da laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ce a sanar da kai dalilin kama ka a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji, kana da ikon yin shiru har ka ga lauya, kuma a ƙa'ida a kai ka kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ko dokar ta'addanci ta 2022 sai da izinin alƙali take barin a ci gaba da tsare mutum. Har ila yau dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama uba a madadin ɗansa, ko mata a madadin mijinta.

Saboda haka ga roƙona. Na farko, kowane magidanci ya zo ya rubuta sunansa da na yaransa da sana'arsu a littafin rajistar ƙungiya, kuma wanda bai yi katin shaidar ɗan ƙasa ba ya je ya yi. Na biyu, idan an kama wani, kada a yi jifa, kada a yi zagi. A rubuta rana da lokaci da lambar mota da wurin da aka kai shi, a kawo mana a ranar. Na uku, kada kowa ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Na huɗu, idan mun ga baƙuwar fuska da take-taken da ba mu yarda da su ba, mu sanar da hukuma da kanmu, domin kifi ɗaya ke ɓata ruwa.

Daga ƙarshe, ajinmu na dare yana nan bayan sallar isha'i, na mata kuma da hantsi. Mutanen Apo takarda ce ta ƙwato musu haƙƙi, kuma sai mai karatu ke riƙe takarda. Kujeru na nan babu kowa a kai, dattawa kada kunya ta hana ku, ni ma da gemuna na fara.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare mu daga sharrin azzalumai.