Taron Sauro Da Faɗuwar Rana



Dukanmu mun san cizon sauro da kukansa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka ga abin da yake yi da almuru. In muka fita bayan gida da damina, muka durƙusa muka fuskanci yamma inda sauran haske yake, za mu iya ganin wani gungu yana lilo a iska bisa juji, ko bakin rijiya, ko tarin itace. Sau da yawa taron mazan Anofilis ne, wato sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Namiji ba ya cizo, ruwan furanni ne abincinsa. Kullum wuri guda suke komawa, kuma taron bai cika wuce minti 30 ba.

Ita mace ɗai-ɗai take shigowa. Da ji namiji yake gane ta, gama 'yan tsinkaye biyu masu gashi da ke kansa suna kama amon fukafukanta, wanda ya fi nasa kauri. A iska ake barbarar, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Galibi sau ɗaya tak take yi duk rayuwarta. Takan adana maniyyin a wata 'yar jaka cikin jikinta, ta riƙa amfani da shi duk lokacin da za ta saka ƙwai. Amma ƙwan ba ya nuna sai da jini, to, a nan ne fa maganar ta iso kanmu.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban gwaji a ƙasar Garki, wadda yau take Jihar Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, cutar ta ragu, amma ba ta yanke ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kashi na sauron a waje yake hutawa, ba a jikin bango ba. Masanin nan ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya yi nazarin sauron Garki, kuma a 2013 aka raɗa wa wani jinsi sunansa. Wannan jinsi da ɗan'uwansa gambiya ido ba ya rarrabe su, amma a Mali an ga kowanne da dandalinsa: ɗaya bisa alama mai duhu, ɗaya bisa fili fetal.

A kwarin Kou na Burkina Faso, Abdoulaye Diabaté da abokan aikinsa sun koya wa samarin ƙauye gano waɗannan matattara, suka bi su da feshi da yamma. Rahotonsu na 2017 ya nuna sauron ƙauyen ya ragu ƙwarai. A ganinmu wannan aiki bai fi ƙarfin ɗaliban sashen kimiyyar halittu ba. Abin da za a fara da shi littafin rubutu ne, da ragar kamu, da fita kafin magariba a watan Agusta.