Hukuncin Mai Kaya Ya Janye Kayansa Daga Gwanjon Intanet Kafin Wa'adi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halatta ciniki, ya haramta riba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Mas'alar yau ta shafi ƴaƴanmu masu saye da sayarwa ta wayar salula, na gida da mazauna Turai da Amurka. Mutum ya sa kayansa a gwanjon intanet, ya yanke wa'adin kwana bakwai, mutane suka fara tayi. Shin ya halatta ya janye kayan tun wa'adi bai cika ba?

Mu fara da asali. Cinikin gwanjo, wanda malamai ke kira bai'ul muzayada, halal ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sayar wa wani mabuƙaci da shimfiɗarsa da ƙoƙonsa. Wani ya taya dirhami ɗaya, Annabi ya nemi mai ƙari, wani ya ba da biyu, aka sallama masa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ita ma ta tabbatar da halaccinsa a zamanta na Brunai a shekarar 1993. Hanin da ya zo a kan yin tayi bisa tayin ɗan'uwa kuwa, Ibn Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa yana aiki ne idan masu ciniki sun karkata ga juna, sun kusa ƙullawa. Ba ya aiki a farkon tayi.

A kasuwanninmu hukuncin sananne ne. Ka kai rago kara, dillali ya riƙe igiya, wani ya taya jika sittin, ka ce albarka, ka koma gida da ragonka, babu laifi a kanka. Amma idan ka ce ka sallama, ciniki ya ƙullu. A mazhabar Imam Malik magana ce take ƙulla ciniki, ko da masu cinikin ba su watse ba. Saboda haka asali mai kaya yana da zaɓi matuƙar bai sallama ba.

To, me ya bambanta gwanjon intanet? Sharaɗi. Ku ɗauki eBay, wadda aka kafa a Amurka a 1995. Mai kaya yana zaɓar wa'adi, daga kwana ɗaya har zuwa kwana goma, kuma tun kafin ya sa kayan ya amince cewa wanda tayinsa ya fi yawa a ƙarshen wa'adi shi ne mai kaya. Dokarsu ta ƙuntata janyewa idan an riga an taya: in saura ƙasa da awa 12, ba ka da ikon soke tayin mutane ka tafi da kayanka, sai dai ka sallama wa wanda ke kan gaba. Wanda ya shiga da wannan sharaɗi ya yi sallama tun farko, ya rataya ta a kan cikar wa'adi. Ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umarci muminai da cika alƙawura, hadisi kuma ya nuna Musulmi suna kan sharuɗɗansu, in dai sharaɗin bai halatta haram ba. Wanda ya sanar da gwanjo a Facebook ko WhatsApp ya ce za a rufe ranar Juma'a bayan la'asar, shi ma ya ɗaure kansa da bakinsa.

Daga nan janyewa ta kasu biyu.

Wadda ta halatta: idan babu wanda ya taya tukuna, domin haƙƙin kowa bai rataya a kan kayan ba. Haka idan kayan ya ɓata, ko an sace, ko ya karye, domin ba a sayar da abin da ba za a iya miƙawa ba. Haka idan ka gano aibin da ba ka ambata ba, ko ka yi kure wajen siffanta kayan. A nan ma wajibi ne ka tsaya ka bayyana, saboda mutane sun yi tayi a kan siffar da ba ita ba ce. Ka gaya musu dalili na gaskiya, ka nemi afuwarsu.

Wadda ba ta halatta ba: ka ga wa'adi ya matso, farashi bai kai inda ranka ke so ba, sai ka ce kayan ya lalace alhali yana nan lafiya. Ka haɗa ƙarya da saɓa alƙawari, biyu daga alamomin munafuki uku da suka zo a Buhari da Muslim. Ko wani ya zagayo ta bayan gida ya ce ka rufe gwanjon ya biya ka a ɓoye. Ka cuci wanda ya tanadi kuɗinsa yana jira, ya bar wani kayan saboda naka, ka kuma cinye la'adar masu kasuwar, kamar wanda dillali ya kawo masa mai saye, ya janye shi gefe don kada ya biya.

Akwai wata dabara da ta fi waɗannan muni. Mai kaya ya ji tsoron faɗuwa, sai ya sa ƙaninsa, ko ya buɗe wani suna da wata waya, yana ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashu, wanda Imam Malik ya ruwaito haninsa a Muwaɗɗa daga Abdullahi ɗan Umar. Mai kaya da mai taimaka masa duk suna cikin zunubi, kuma malamanmu sun ba wanda aka ruɗa zaɓin mayar da kayan.

Maganin wannan duka tun ran gini tun ran zane. Kafin ka sa kaya, ka yanke mafi ƙarancin kuɗin da za ka karɓa, ka fara gwanjon daga nan, ko ka shardanta shi a fili. Idan kuwa wa'adi ya cika kana nadama, ƙofa ɗaya ta rage: ka roƙi mai saye ya warware maka, abin da ake kira iƙala. In ya yarda, an yi masa albishir cewa Allah zai yafe masa tuntuɓensa. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, ka miƙa kaya.

Ya ɗan'uwa mai azumi, ka bar ruwa da abinci da halal ne saboda Allah. Kada jika goma ta sa ka yi buɗa baki da haƙƙin wani. Wanda ba ka ganin fuskarsa a bayan waya, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, za ku tsaya tare ranar hisabi.

Allah ya sanya albarka a kasuwancinmu, ya tsare mu daga cin haram, ya sa muna cikin ƴantattun wannan wata. Allah ne mafi sani.