Haddar Allo Ba Karatu Ba Ce

Iyayenmu da 'yan'uwa na Nima da Maamobi.

Yau da dare ka kira ɗanka na aji uku, ka ba shi takardar da bai taɓa gani ba, ka ce ya karanta. In ya tsaya yana kallonka, kada ka doke shi. Laifin ba nasa ba ne.

A watan Satumba na 2019 gwamnatin NPP ta kawo sabon tsarin karatu a firamare. Tsarin ya ce yaro ya riƙa tambaya, ya karanta da kansa, ya yi aiki da 'yan ajinsu. Amma shekara ta zagayo, littattafan tsarin ba su iso aji ba. To tica ya yi yaya? Sai ya rubuta a allo, yara su maimaita da ƙarfi. Haka yaro ke haddacewa bai iya karatu ba.

Mu a NDC mun ce: littafi a hannun kowane yaro, horo mai kyau ga kowane tica.

Ranar 7 ga Disamba, ku dangwala wa lema. Allah ya raya mana zuri'a.